Zuwa ga aminina: matar da ta fara ganin tushen ciwon Yaya

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin cewa jikin Yaya da sauƙi, saifar ta sace, fararen ƙwayoyin jininsa sun dawo adadinsu. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Ka tambaye ni yadda aka yi ƙwayar magani da ake haɗiya kullum ta iya danne sankarar jini, alhali abin da kowa ya sani da sankara shi ne ƙarin ruwa mai kakkarya jiki da zubar da gashi. Ka ce likitansa ya ambaci sunan Brian Druker. Bai yi kuskure ba, Druker ne ya kai maganin ga marasa lafiya. Amma tambayarka ta sa na koma baya, na buɗe jerin maƙalun wata mata mai suna Janet Rowley ta Jami'ar Shikago a Amurka, na bi su daga na farko zuwa na ƙarshe, shekara bayan shekara. Maƙalu ne ɗaruruwa, ban ce na karanta duka ba, amma ko kanun kaɗai mutum ya bi a jere zai ga tambaya ɗaya ce ta riƙe wa wuya har ƙarshen rayuwarta: me ke lalacewa a cikin ƙwayar halitta har ta zama sankara?

Ka san ƙwayar halitta a jikinmu yawanci tana ɗauke da kuromosom 46, biyu-biyu, kuma a cikinsu ne bayanan gado suke. A 1960 wasu masu bincike biyu a Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura cewa masu irin ciwon Yaya, wanda likitoci ke kira CML, suna da wani kuromosom guntu da bai kai tsawonsa ba. Aka raɗa masa sunan garin. Shekara goma sha uku ana ɗauka gutsurewa ya yi, guntun ya ɓace. Galibin masana a lokacin ma gani suke yi hargitsin kuromosom ɓarna ce da sankara ke bari a bayanta, ba shi ne sanadi ba.

Ita Rowley likita ce, ta gama karatu a 1948, ta yi shekaru tana duba yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Tana da 'ya'ya maza huɗu, don haka kwana uku take aiki a mako. Bin mijinta Oksfod a Ingila ne ya sa ta koyi duba kuromosom, kuma a zuwanta na biyu, 1970 zuwa 1971, ta koyi sabuwar dabarar rina su. Kafin wannan rinin duk kusan kamarsu ɗaya a madubin likita, sai dai wani ya fi wani tsawo. Da aka rina su sai kowanne ya fito da nasa ratsin kamar saƙi, ka ɗauki ko guntunsa ne ka san daga inda aka yanko shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi taɓa ni. Takan ɗauki hotunan kuromosom na marasa lafiya ta tafi da su gida, ta sa almakashi ta yanke su ɗaya bayan ɗaya, ta jera su biyu-biyu a kan teburin cin abinci, ta gargaɗi yaran kada wanda ya yi atishawa a wurin. A kan wannan tebur ta lura cewa kuromosom na 9 ya yi tsawo fiye da kima, kuma ratsin abin da ya ƙaru a jikinsa daidai yake da na guntun da ya ɓace daga na 22, wato kuromosom ɗin nan na Filadelfiya. Ashe ba ɓacewa ya yi ba, ƙaura ya yi. Ta duba mutum tara a jere, ta tarar da abu ɗaya a wuri ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Maƙalar ta fito a mujallar Nature a 1973, 'yan shafuka ce, kuma sunanta kaɗai ne a kai.

A wannan shekarar akwai wata maƙalar tata a wata mujallar Faransa, Annales de Génétique, a kan musaya tsakanin kuromosom na 8 da na 21 a wata sankarar jinin mai saurin kisa. Wannan musayar ce ma ta fara ganowa, kafin ta CML. Ta fara aika wa mujallar New England Journal of Medicine, suka mayar mata da ita. Duk wanda zai auna jerin nan da girman sunan mujalla zai tsallake wannan layin, alhali har yau likitan da ya ga wannan musayar a ɓargon mara lafiya ya san yana cikin waɗanda magani ya fi karɓa. A 1977 kuma, a mujallar Lancet, ita da abokan aikinta suka nuna musaya ta uku, tsakanin na 15 da na 17, a nau'in da ake kira APL, wanda kan kashe mutum da zubar jini cikin 'yan kwanaki. Kowane nau'in ciwo da musayarsa. Daga nan gardama ta fara mutuwa.

Ka lura, duk cikin waɗannan babu maganar magani. Ba ta haɗa ko ƙwaya ɗaya ba. Ta dai nuna wa mutane daidai inda za su haƙa. A farkon shekarun 1980 wasu suka gano cewa a inda guntayen nan biyu suka haɗu, ƙwayar gado ta ABL daga na 9 tana manne wa BCR ta na 22, su haifi wani sinadari da ke umartar ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba tsayawa. A 1990 aka sa wa ɓeraye wannan haɗin, suka kamu da ciwon. Sai Druker, tare da Nicholas Lydon da masu haɗa magunguna na kamfanin Ciba-Geigy, suka samo abin da zai toshe sinadarin. Aka fara gwaji a jikin mutane a 1998. Cikin mutum 54 da aka ba isasshen adadi, jinin 53 ya dawo daidai. A watan Mayun 2001 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da shi. Shi ne imatinib da Yaya ke sha. Daga teburin nan zuwa kwalbar da ke gefen gadonsa shekara 28 ke nan, kuma duk wanda ya kamu a tsakani, in bai samu dashen ɓargo ba, yawanci shekaru kaɗan yake yi. Ina yawan tunanin mutanen nan tara da aka fara duba jininsu, waɗanda ba su ci gajiyar abin ba.

Ta ɓangaren APL kuwa, maganin ya riga bayani zuwa. A Shanghai, Wang Zhenyi ya gwada wani sinadari dangin bitamin A, rahotonsa na 1988 ya nuna ciwon ya lafa a jikin mutum 23 cikin 24. Sai bayan shekara biyu aka gano cewa ƙwayar gadon da ta karye a kuromosom na 17 ita ce mai karɓar wannan sinadarin. Yau da shi da arsenik ake warkar da mafi yawan masu ciwon.

Akwai wani sashe na jerin da ba a cika ambata ba, ni kuwa shi ya ƙara mata daraja a idona. Ta yi shekaru tana bin mutanen da suka warke daga wata sankarar, sannan sankarar jini ta kama su saboda maganin da aka ba su. Ita da ɗalibanta suka nuna cewa da yawansu sun rasa kuromosom na 5 ko na 7, ko wani yanki nasu. Ba magana ce mai daɗin faɗa wa likitocin sankara ba, amma ta rubuta, ta sake rubutawa. A 1991 ɗakin bincikenta ya zaƙulo ƙwayar gado ta MLL a kuromosom na 11, wadda ke da hannu a irin wannan ciwon da kuma sankarar jinin jarirai.

In ka ci gaba da gangarowa cikin jerin sai ka ga sunanta yana ja da baya. Da farko ita kaɗai, daga baya ita ce gaba, a ƙarshe tana can ƙarshen layi bayan sunayen matasan da ta rena, irin su Michelle Le Beau da Olufunmilayo Olopade. Lambobin yabo sun zo daga baya: Lasker a 1998, babbar lambar farar hula ta Amurka a 2009, sai ta Japan a 2012 wadda ta raba da Druker da Lydon. Ta rasu a Disambar 2013 tana da shekara 88, sanadin sankarar ƙwan mahaifa.

Yanzu ga roƙona. Maganin nan danne sinadarin yake yi, in aka yi wasa da shansa ciwon kan sami kafar dawowa, wani lokaci ma ya bijire wa maganin. Na san halin Yaya, da ya ji ƙarfi zai ce ya warke. Don Allah ka tsaya a kansa, kada ya tsallake ko rana ɗaya, kada kuma ya daina sai da umarnin likitansa. Gwajin jinin da ake kiransa duk bayan 'yan watanni, wanda ke auna yawan BCR-ABL, shi ne ke nuna gaskiyar lamari tun kafin jiki ya nuna. In sakamako na gaba ya fito ka turo mini hotonsa mu duba tare.

Ka gaishe mini da Yaya da jiki, da Hajiya, da mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
amininka.