A rubuta tarihin Cocin Waliyiya Teresa ta Yola

Edita,

A wannan coci aka yi mini baftisma, amma sai da na girma na san wace ce Teresa: 'yar Faransa ce daga Lisieux, ta rasu a 1897 tana da shekara 24, kuma ranar 1 ga Oktoba muke bikinta. Kakata takan ba mu labarin fadocin Agustinawa (wata ƙungiyar limaman Katolika) 'yan Ayalan da suka iso Adamawa a 1940.

A 2014 da idona na ga harabar cocin cike da 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi, mata suna tuƙa tuwo a manyan tukwane. Dattawan da suka san farkon tarihin cocin suna ta ƙarewa. Don Allah ku turo wakilinku ya ji ta bakinsu.

Naku,
Mai karatu daga Jimeta