Godiya ga shagon gyaran injinan lantarki na kan titin Jos, Bauchi

Assalamu alaikum Injiniya, kai da yaranka. Na ga ya dace in yi godiyar nan a fili kowa ya gani.

Wurin taron bikin da nake kula da shi muna da 'yar motar golf ɗin nan mai aiki da batir ƙirar Club Car, da ita muke ɗauko dattawa da masu ciwon ƙafa daga get zuwa hol, to ta tsufa, in mutum huɗu suka hau sai ta kama nishi a ɗan hawan nan. Kai ka ce injin ne ya gaji, kuma kafin a yi oda sai da ka kwance ka ƙirga haƙoran shaf ɗin, wato ƙarfen injin da ke juyawa, ka ce na Club Car irin tamu 10 ne, na E-Z-GO da Yamaha kuwa 19, in aka sayo ba daidai ba an yi asara. Sabon injin daga Amurka ya taso, ya sauka Legas, ku kuka bi kiliyarin da webil har Bauchi, ko kwarzane babu, rasit kuma komai a rubuce.

Ba injin kaɗai kuka sa ba, kun canza kontirola, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga injin, da wayoyi masu kauri don kar su ɗau zafi, batir shida masu volt 8 suka ba da 48 cif. Yanzu hawan nan ko a jikinta.

Amma wallahi abin da ya fi shiga raina shi ne da ka ce ba za ka ba ni makulli ba sai an sa bel. Ka nuna min motar ba ƙofa, birkinta a tayoyin baya ne kawai, kwana ɗaya mai tsini da gudu ta isa ta wurgo yaro ko tsohuwa, musamman na kujerar da ke kallon baya. Kuka ɗaure bel ɗin da noti a jikin ƙarfe, ba a roba ba, ka kuma rage mata gudu ta kontirola. Tun 2003 'yan Rod Sefti ke fama da mu kan ɗaura bel a manyan motoci, amma wannan ƙaramar ba mai tuna ta, kai ka tuna, kuma ba ka caje mu kuɗin aikin bel ɗin ba.

Direbanmu yanzu ba ya tashi sai kowa ya ɗaura, hajiyoyi na ɗan ƙorafi saboda leshi amma suna ɗaurawa. Allah ya ƙara kasuwa Injiniya, ya yi wa yaran shago albarka, ya saka da alheri.