Kwalbar man zaitun da garkar kakanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan gado, ko da yake man zaitun ne ya jawo maganar.

Ɗan ƙanena da ke karatu a Sifaniya ya zo hutu ya yi mini tsarabar kwalba guda. Na ɗanɗana, sai na ji wani yaji ya kama ni a maƙogwaro, na ce ko ya lalace ne a hanya. Yaron ya yi dariya, ya ce, “Baffa, ai wannan yajin shi ne shaidar sabon mai.” Shekara da shekaru ina sayen ƙananan kwalaben nan a kasuwa don shafawa da tofi, ban taɓa jin haka ba. To, Allah Ya san abin da muke saye.

Man na wani gida ne da ake kira Núñez de Prado, a garin Baena na lardin Kurɗuba, tsohuwar ƙasar Andalus. Tun 1795 gidan yake wannan sana'a. Da na ji shekarar sai na yi lissafi. Lokacin Shehu Usmanu yana Degel yana karantarwa, saura shekara tara a yi hijira zuwa Gudu, birnin Sakkwato kuwa sai a 1809 aka kafa shi. Ke nan sun girmi ganuwar garinmu a harkar mai, kuma har yau zuriyar gidan ce ke riƙe da gonar.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Itacen zaitun yana shekaru kafin ya ba da abin kirki, amma in ya kafu yana iya kai ɗaruruwan shekaru, wanda ya dasa jikokinsa yake yi wa. Ana tsinkar 'ya'yan da shigowar sanyi, a kai wurin niƙa da wuri kafin su fara tsami. Kusan kilo 5 ke ba da lita ɗaya. Su wannan gida an san su da niƙa da dutse, su bar man farko ya tsiyaya da kansa ba tare da matsa ba. Ba a kiran mai da suna na ɗaya sai tsaminsa bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba. Kuma su ma suna shan wuya: farin da aka yi a 2022 ya sa man da Sifaniya ke samarwa ya faɗi zuwa wajen rabi, ita da ta fi kowace ƙasa a duniya, farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Abin da ya hana ni barci shi ne garkarmu. Kakanmu ya bar garka a fadamar Rima, da mangwaro da gwaiba da giginya da rijiya biyu. Ina yaro, da kuɗin mangwaron ake yi mana ɗinkin sallah, mu fiye da ashirin. Da ya rasu aka ja igiya aka raba. Da iyayenmu suka rasu aka sake ja. Rabon wani bai fi a ɗaure jaki biyu ba. Mai rijiya ya hana wanda ba shi da ita, wani ya sayar ya sayi babur, wani ya sare itatuwan ya kai wa masu gidan burodi. Ni ma ba zan wanke kaina ba, na sayar da nawa lokacin auren ɗiyata ta fari.

Kada wani ya ce ina sukar rabon gado. Allah Ya tsare ni. Shi Ya yanka wa kowa haƙƙinsa, mace da namiji. Amma a iya karatuna, magada na iya yarda su bar gona a dunƙule, kowa ya san kasonsa, a riƙa raba amfanin kowace shekara. Ga kuma wakafi. Abin da ya gagare mu shi ne amana da rubutu: wa zai riƙe, nawa aka samu, nawa aka kashe. Da zarar babban wa ya fara lissafi a ka, ƙanne mata su ji shiru shekara biyu, magana ta ƙare, sai igiya.

Ba cewa nake mu dasa zaitun ba. Itace ne mai son sanyin hunturu irin na bakin Bahar Rum, zafin Afrilun Sakkwato ba nasa ba ne. Muna da mangwaro da dabino da aduwa, wadda iyayenmu mata suka san man ƙwallonta.

Ina roƙon jaridarka ta aika wakili wurin malamai da alƙalai su yi wa jama'a bayanin yadda ake rubuta irin wannan yarjejeniya. Saura ɓangare ɗaya na garkar a hannun gwaggonmu, da mangwaro bakwai a ciki, kuma dillalan filoti sun riga sun fara zuwa gaishe ta.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Mabera, Sakkwato