Muryar goge daga daji take fitowa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin jama'a kan abin da masu sauraron kiɗan gargajiya ba su cika lura da shi ba: wasu daga cikin kayan kiɗanmu da jikin namun daji ake haɗa su, namun kuwa sai ƙarewa suke yi.

Garaya, wadda asalinta ta maharba ce, da fatar gada ake rufe ta. Ƙahon da ake busawa a fada na gwanki ne, gwanki kuwa yanzu sai a gandun daji irin Yankari ko gandun W na Nijar. Amma goge ya fi shiga haɗari, don muryarsa kacokan a fatar guza take.

Ga yadda abin yake. Ana samun ƙwarya mai kauri wadda faɗin bakinta ya kai kamar taƙi ɗaya, a huda ta gefe biyu a zura sanda. Fatar guza a jiƙe ake ɗora ta, a ja ta ko'ina daidai, a kafe bakin da ƙananan ƙusoshi, sannan a bar ta ta bushe a inuwa. Wanda ya yi gaggawa ya shanya a rana, fatar za ta ɗame gefe guda ta tsage a bakin ƙusa. Bayan ta bushe ake yanka ƙaramar kafa a gefe don sauti ya fita, a ɗora jaki, wato ɗan abin da ke tokare tsirkiya a kan fata, a ɗaura tsagiyar doki a kansa. Ita ma izga, wato bakan da ake goga shi da shi, da tsagiya ake yin ta, kuma sai an goga mata ƙaro take kamawa. Hannu mai maiƙo in ya taɓa tsagiya, sai izga ta riƙa santsi, goge ya yi ta gurnani ba zaƙi.

Me ya sa sai guza? Fatarta siririya ce amma ga ƙarfi, ba ta saurin saki. Fatar akuya tana shan raɓa, da damina sai ta yi laƙwas, dole makaɗi ya riƙa gasa ta a gefen wuta kafin kowane wasa. Wanda zai maye gurbi da ita ya nemi ta ɗan akuya, ya kankare gashi da tsoka sarai har ta yi shara-shara. Za ta yi, amma mai kunne zai ji bambanci.

Abin takaicin shi ne ƙonen daji da ake yi da rani don farautar gafiya da zomo. Guza da damo da wuta ta lasa, fatarsu ta tashi aiki: ta ƙone, ba ta jawuwa. An rasa dabba, an rasa fata. Ga kuma masu kwashe fatun zuwa waje don jaka da takalma, alhali yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji ta sa guza cikin dabbobin da ba a fitar da fatarsu sai da takardar izini.

Muna kira ga hakimai da dagatai da sarakunan dawa su tsawatar kan cinna wa daji wuta, ma'aikatun gandun daji kuma su zauna da masu haɗa goge da garaya, a ware musu halattacciyar hanyar samun fata kaɗan da suke buƙata a shekara.

Naku,
Wasu masu sana'ar haɗa kayan kiɗan gargajiya