Rasuwar Baffa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Baffanmu rasuwa jiya da asuba, an yi masa sutura da hantsi.

Ya haura shekara 90, amma har bara da ƙafarsa yake zaga gona. Abin da ba na mantawa, bai taɓa zuba gero a rumbu ba sai ya fid da zakka, dami ɗaya cikin goma. Lokacin farin 1973, in ji Inna, rumbunsa ne ya riƙe gida uku. Sahun gaba kuwa, ko ana ruwa.

Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, mata su shiga wurin Inna. Wanda ke binsa bashi, don Allah ya yi wa Yaya magana.