Ku daina cewa wadda aka zaga ta yi bulok ta yi shiru

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a, Allah ya taimaka.

Wallahi tun ranar Asabar da kuka yi shirin nan a rediyo raina bai kwanta ba, na buga layinku ya fi sau goma bai shiga ba shi ya sa na ce bari in rubuto ko Allah zai sa ku karanta. Maganar baƙon nan naku ce ta tsaya min a wuya, inda yake cewa wai duk wanda aka zaga a guruf ɗin WhatsApp ya danna bulok ko ya fice kawai ya huta, kuma wai adimin da ke cire mutane ɗan kama-karya ne mai hana jama'a faɗin ra'ayinsu. Abin da ya fi ƙona min rai mai gabatarwar bai ko ja da shi ba, sai gyaɗa masa yake yi har aka rufe shirin. Haba Malam. Ko abin da ƙaramin yaro mai riƙe waya ya sani ai sai a tambaye shi, in ka yi wa mutum bulok a WhatsApp matuƙar kuna guruf ɗaya za ka ci gaba da ganin duk abin da ya rubuta a ciki, shi ma yana ganin naka, ta gefe ne kawai ba zai same ka ba. To ina maganin yake a nan?

Ni adimin ce tun 2019, guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarmu ne maza da mata, lokacin da muka fara mutum 256 kawai ake iya zubawa har sai da muka raba shi biyu, da aka faɗaɗa zuwa 1024 a 2022 muka haɗe wuri guda, yanzu mun haura 300. Ba wurin hira ba ne kawai. A nan ake sanar da rasuwa da haihuwa, a nan muke haɗa gudummawa in wani na kwance, an sha neman jini cikin dare a samu wanda zai je asibiti ya bayar kafin gari ya waye, ranar Juma'a kuma mun ware ta don masu sana'a kowa ya tallata hajarsa. Mutumin da zai ce wa wani fita kawai daga irin wannan wuri bai san abin da yake cewa a bari ba.

Akwai wata 'yar ajinmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, turaren wuta da humra take haɗawa tana sayarwa kuma yawancin masu sayenta mu ne na cikin guruf ɗin da waɗanda muke tura wa. Wani daga cikinmu ya ɗauki lambarta ya bi ta ta gefe da maganganun banza, ta yi banza da shi, ya ci gaba, ta yi masa bulok. Wato dai daidai abin da baƙonku ya ce a yi, ta yi shi. Sai ya dawo mata ta cikin guruf. Ya fara da ɗaukar hoton da ke kan lambarta ya mai da shi sitika da wani rubutu a ƙasa wanda ba zan iya maimaita shi a nan ba, duk wanda ya yi magana sai ya liƙa masa ita a matsayin amsa. Daga nan wani dare wajen ƙarfe ɗaya ya saki saƙon murya na minti huɗu, ya kama sunanta da na unguwarsu, ya ce wai turaren fakewa ce, kowa ya san abin da take sayarwa.

Ban gani ba sai bayan sallar asuba. Ina kicin na ɗora ruwan koko na buɗe data, na ga saƙonni sun taru fiye da yadda aka saba, na danna muryar na yi maza na kara wayar a kunne don kada yara su ji, ina tsaye ludayi a hannuna har ruwan ya tafasa ya zubo ya kashe min risho ban motsa ba. A ƙasan saƙon har mutum bakwai sun saka alamar dariya, mutanen da na sani, wasu da su aka je mata ta'aziyya. Na goge shi nan take, Allah ya sa a lokacin an riga an ba adimin damar goge saƙon wani ga kowa da kowa, amma aikin gama ya gama, an riga an kwashe an tura wasu wuraren. Kafin azahar ta kira ni muryarta na rawa ta ce Anti abin ya kai gidan surukaina, uwar marigayin ta aiko a tambaye ni, kuma babban ɗana a wayar yayan abokinsa ya ji. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu Malam Edita. Ku gaya min wane bulok ne zai cire wannan daga kunnen yaron?

Na cire mutumin daga guruf a ranar. To ku ji abin da ya biyo baya tunda an ce mu ne 'yan kama-karya. Ya kira ni da baƙuwar lamba ya ce ke wace ce, guruf ɗin na ubanki ne, na kashe, ya samo lambar maigidana ya kira shi yana shago ya ce ya ja wa matarsa kunne. Wannan duk bai dame ni ba kamar abin da manyanmu na cikin guruf suka yi, waɗanda muke ce wa yaya muna girmama su, ɗaya bayan ɗaya suna kirana, Hajiya a yi haƙuri, Hajiya ɗan'uwa ne, sharrin shaiɗan ne, kada a yanke zumunci, a mayar da shi. Na tambayi kowannensu ko ya kira ita wadda aka yi wa, wallahi babu ko ɗaya. Duk haƙurin wajen mai laifi ake nema wa, ita kuwa an riga an yanke mata cewa za ta jure tunda mace ce kuma ba ta da miji da zai tsaya mata.

Sati biyu ana matsa min, na gaji na mayar da shi bisa sharaɗin zai ba da haƙuri a gaban kowa. Abin da ya rubuta layi ɗaya ne, wai duk wanda ya ɓata wa rai ya yafe masa, ko sunanta bai kama ba, bai ce ƙarya ya yi mata ba, mutane suka yi ta jera masa Masha Allah da hannuwan addu'a. Daren nan ta fita. Mata uku suka bi ta cikin satin. Ciniki ya tsaya mata sai da ta koma bin gidajen biki da jaka a hannu tana tallar abin da da a zaune ake saye a wurinta. Har yau in na tuna ni da hannuna na danna na dawo da shi sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, na nemi yafiyarta ta ce ba komai amma ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kun san yaushe aka yarda a kore shi? Lokacin zaɓen 2023 da gardamar siyasa ta yi zafi ya ɗura wa wani babban ma'aikaci a cikinmu ashar ya haɗa da mahaifinsa. Cikin awa ɗaya waɗannan yayyen namu da suka ce kada a yanke zumunci su ne suke kirana, Hajiya me kike jira, cire shi. Ranar babu wanda ya tuna da sharrin shaiɗan. Na cire shi, amma na yi kuka, don na gane mutuncin wa ake karewa a wurin nan da na wa ba a karewa.

Shi ya sa na ce baƙonku ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba, ra'ayi daban zagi daban. A guruf ɗinmu ana gardama kullum, 'yan Izala da 'yan ɗariƙa suna yi, 'yan jam'iyyu suna yi, masu ƙwallo kam ba a magana, ban taɓa cire mutum don ya saɓa da ni ba kuma wasu ra'ayoyin ina karantawa raina na ɓaci in wuce. Amma a wace majalisa ce a ƙasar Hausa yaro zai zagi uwar wani ko ya yi wa matar mutane ƙazafi dattijon wurin ya ce ra'ayinsa ne a ƙyale shi? Tashinsa za a yi daga kan tabarmar kuma babu wanda zai kira dattijon ɗan kama-karya. Allah da kansa a Suratul Hujurat aya ta 11 ya hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, a Suratun Nur aya ta 4 kuma ya yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba. Bulala tamanin, ni kuma cire shi kawai na yi daga cikin waya aka ce na yi tsanani.

Baƙon naku ya kuma ce wai ai akwai doka, wanda aka ɓata wa suna ya kai ƙara. E akwai, dokar laifukan intanet ta 2015 sashe na 24, wanda aka yi wa gyara a 2024, amma mu da muke jin labarai mun san su wa aka fi kamawa da wannan sashen, 'yan jarida ne da masu sukar manya. Matar da ke lissafin kuɗin makarantar marayu huɗu da wane kuɗin za ta yi zaryar ofishin 'yan sanda da kotu, kuma ta je ta tsaya gaban maza a sake kunna muryar nan kowa na ji? Abin da ke kusa da ita shi ne adimin, in adimin ya ji tsoron a kira shi ɗan kama-karya to ba ta da kowa.

Kuma aikin nan ba wasa ba ne, yana cin mutum. Akwai 'yar Arewa Kauna Malgwi da ta yi aikin tace abubuwan da ake wallafawa da Hausa a Facebook daga Nairobi, ta faɗi yadda kallon munanan abubuwa kullum ya hana ta barci ya taɓa lafiyarta, tana cikin su fiye da 180 da suka shigar da ƙara a Kenya a 2023, har BBC ta saka ta cikin mata 100 na 2024. Su ana biyansu ma ke nan. Mu kuwa da datarmu da barcinmu muke yi, duk ƙazantar da aka zubo sai mun saurara daga farko har ƙarshe kafin mu goge don kada mu zalunci wani, ladanmu a kira mazajenmu a kai ƙararmu.

Yanzu dai mun gyara abin da za mu iya, mun rubuta doka a saman guruf kowa na gani, mun zama adimin huɗu mata biyu maza biyu don kada a sake cewa wata mace ce ta ga dama, muna rufewa daga sha ɗayan dare zuwa asuba tunda mun lura yawancin ɓarnar cikin dare ake yin ta lokacin da babu mai gogewa, zagi ana jan kunne sau ɗaya, ƙazafi da wasa da hoton mutum kuwa babu jan kunne babu dawowa ko wa zai kira ni. An samu sauƙi sosai, mata sun fara magana kuma, sai dai ita wadda ta sa muka farka ba ta nan.

Don Allah in za ku sake yin shiri a kan wannan ku kira waɗanda ke riƙe da guruf da matan da aka kora da baki su zo su faɗa da kansu, ku ba su lokaci kamar yadda kuka ba baƙon nan, ko ba a kama sunansu ba.

Sannan tunda na riga na ɗauki waya, don girman Allah ku duba tallar masu maganin gargajiya da kuke sakawa da rana tsaka, daidai lokacin da yara suka dawo makaranta muna cin abinci rediyo a kunne. Kalmomin da mai maganin nan yake furtawa a kan matsalar maza ni da nake uwa sai in rasa inda zan sa kaina, shekaranjiya ƙaramar 'yata ta tambaye ni ma'anar ɗaya daga ciki a gaban babanta. In dole ne sai an saka a mai da ita bayan ƙarfe goman dare.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Daga mai sauraronku kullum a Zariya.