Wasiƙa zuwa Kumasi, a kan Ƙatar da batun Auta

Agege, Legas

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan lafiya ƙalau, sai ƙafar Goggo da ta sake tashi tun shigowar damina. Shirun naka ya yi yawa. Sunan da ka ce za ka zo ba ka zo ba, ko saƙon murya ba ka ajiye mini ba, har Dogo yana ta yaɗawa a majalisa wai Asantawa sun naɗa ka sarauta, shi ya sa ka daina kula talakawa.

Ka ji Ƙatar ta fito fili ta ce tana neman a ba ta gasar Olamfik ta 2036? Da aka faɗa a rediyo kai na fara tunawa. Ranar 2 ga Disamba 2010, da Sepp Blatter, shugaban FIFA na lokacin, ya zaro takarda daga ambulan ya kira sunan Ƙatar a matsayin wadda za ta karɓi kofin duniya na ƙwallon ƙafa na 2022, kai ne ka miƙe tsaye a gidan kallo kana rantsuwa ko wasa ɗaya ba za a buga a can ba. Ka ce ƙasar da ba ta kai jihar Kano faɗi ba, ina za ta zuba duniya? Ka ce zafi kaɗai ya isa ya kori Turawa. Har ka ce in an buga, kai za ka saya wa majalisa tsire na mako guda. To, an buga, an gama tun 18 ga Disamba 2022, tsiren kuma har yau muna jira, kuma Dogo bai yafe ba.

Ni dai abin da na gani a gasar nan shi ne, ƙanƙantar da kake kuka da ita, ita ta zama musu abin alheri. Filaye 8 ne kacal, dukkansu a Doha da kewayenta. Mafi nisa shi ne Al Bayt da ke Al Khor, inda aka buɗe gasa, shi ma ba ya kai tafiyar awa ɗaya a mota. Mutum ya kalli wasan rana a wannan fili, ya hau jirgin ƙasa, ya riski na dare a wancan. Ƙungiya ta sauka a masauki ɗaya tun daga farko har ranar da aka kore ta, ba ɗaurin kaya, ba hawa jirgin sama tsakanin wasa da wasa. A Rasha ko Brazil wa ya isa? Zafin kuma ba su yi gardama da shi ba, sai suka ɗage gasar gaba ɗaya zuwa Nuwamba da Disamba, abin da ba a taɓa yi ba, Firimiya da La Liga duk suka tsaya cak a tsakiyar kaka. Wannan shi ne ya fi ba ni mamaki, fiye da na'urorin sanyaya filaye da ake ta zancensu. Ƙasar da a lokacin duk mutanen cikinta ba su wuce miliyan 3 ba, ta sa Turai ta canza jadawalinta. Kuɗin iskar gas ne, ba a musu. Ƙiyasin da ake yawan ambata ya haura dala biliyan 200, kuma mafi yawansa ba a filayen wasa ya tafi ba, ya tafi ne a tituna, da jirgin ƙasan Doha da aka buɗe a 2019, da tashar jirgin sama, da sabon birnin Lusail inda aka buga wasan ƙarshe a gaban mutum kusan 89,000.

Amma don kada ka ce ban yi maka adalci ba, akwai inda zancenka ya tsaya da ƙafarsa. Wurin kwana bai ishe su ba. Sai da suka ɗauko manyan jiragen ruwa suka jingine a gaɓa suka mayar da su otal, suka jera ɗakunan kwantena a fili, wasu 'yan kallo kuma a Dubai suke kwana, su shigo jirgi da safe su koma da dare. Kuma wancan karon ƙasashe 32 ne, wasanni 64. Tsarin da aka koma daga 2026 ƙasashe 48 ne, wasanni 104, wanda Amurka da duk girmanta ma tare da Kanada da Meziko aka ba ta. Ta 2030 kuma Maroko da Sifaniya da Fotugal ne. Ina ganin Ƙatar ta shiga ƙofar ne ana gab da rufe ta, da wuya ƙaramar ƙasa ta sake ɗaukar kofin duniya ita kaɗai.

Olamfik kuwa daban ce, don dama birni ɗaya ake bai wa. Nan ƙanƙanta ba laifi ba ce. Matsalar tana ga watan Yuli da Agusta. Doha ta nemi ta 2016, ta sake neman ta 2020, sau biyun ba ta ma kai zagayen ƙarshe ba, kuma a Oktoba ta so a yi. Ka tuna gasar guje-guje ta duniya da suka karɓa a 2019? Gudun fanfalaƙi na mata da tsakar dare aka fara shi don gudun rana, amma duk da haka cikin mata 68, guda 28 ba su kai ƙarshe ba, wasu a keken marasa lafiya aka fitar da su. Fili kana iya sanyaya shi, amma titin kilomita 42 fa? Sai dai Tokyo a 1964 da Meziko a 1968 duk a Oktoba suka yi tasu, saboda haka in masu abin sun so, hanya tana nan.

Kafin in manta, tunda yanzu kai Bagane ne. Na san har gobe kana taƙama da ƙwallon da Partey ya zura mana a Abuja ranar 29 ga Maris 2022, aka tashi 1-1 kuka wuce, mu muka zauna a gida. Mun ji. Amma da kuka je me kuka kawo? Yurugwai ta sake tare ku, Ayew ya ɓarar da fenariti, aka ba ku 2-0 kuka tattaro. Maroko ce ta fitar da mu kunya duka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Daren da En-Nesyri ya tashi sama ya sa wa Fotugal kai, Agege ba ta yi barci ba, har Yarabawan layinmu sun zama 'yan Maroko.

Ga kuma wani abu da ban sani ba ko mutanen zangonku sun riƙe. Ƙatar ta sha kashi a wasanninta uku, Ikwado, Senegal, Holan, ita ce mai masaukin baƙi ta farko da hakan ta faru da ita. Ƙwallo ɗaya tak ta ci, a ragar Senegal, kuma wanda ya ci ta Mohammed Muntari ne, haifaffen Kumasi. Ɗan garinku. Ba ina rage musu daraja ba ne, don sun ɗauki kofin Asiya a 2019, sun kuma sake ɗauka a gida a farkon 2024. Amma ƙwallon nan ta Muntari ita ce ta kawo ni kan abin da ya hana ni barci kwanakin nan.

Auta yana so ya tafi.

Ka san tun da aka hana acaba a manyan unguwanni abubuwa suka tsaya masa. Yanzu wani ejan ya shiga kansa, wai akwai aikin gini da na gadi a ƙasashen Larabawa, yau ya ce Doha, gobe ya ce Riyad tunda an bai wa Saudiyya kofin duniya na 2034. Kuɗin da yake nema ya fi kuɗin babur ɗin, har yaron ya fara maganar a sayar da gonar da Baba ya bari. Na tambayi takardar kwangila, babu. Na tambayi sunan kamfanin da zai ɗauke shi, sai a ce sai biza ta fito. Fasfo ɗinsa ma yana hannun mutumin.

Mutumina, duk lokacin da muke gardamar nan a majalisa, ko ƙaramar ƙasa za ta iya ko ba za ta iya ba, kuɗi da faɗin ƙasa da zafi muke lissafawa. Ba mu taɓa tambayar hannun wa zai ɗauki bulon ba. 'Yan asalin Ƙatar kusan ɗaya ne cikin goma na mazauna ƙasar. Sauran baƙi ne, daga Indiya, Nepal, Bangladash, Kenya, Yuganda, har da nan yankinmu. Abin kamar bikin gidan attajiri ne, rumfa tasa, shinkafa tasa, amma matan maƙwabta ne hayaƙi ke ci a gindin murhu, kuma ba su ake ɗauka a hoto ba. Hassan Al Thawadi, wanda ya jagoranci shirya gasar, da bakinsa ya ce ma'aikatan da suka rasu a ayyukan da suka shafi gasar sun kai tsakanin 400 da 500. Wannan lissafin masu gida ke nan, ƙungiyoyin kare haƙƙi suna cewa abin ya wuce haka. Kowane ɗaya a cikinsu Autan wani gida ne, akwai uwar da ke jiran a turo mata na cefane.

Ban ce ba a gyara komai ba. Matsin lambar da gasar ta jawo ya sa a 2020 suka sassauta tsarin kafala, ma'aikaci yana iya canza wurin aiki ba sai da takardar amincewar ubangidansa ba. Sun kuma sa mafi ƙarancin albashi, riyal 1,000 a wata, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai bayar ba. A dokarsu ma haramun ne a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci, kamfani ne ke biya. Wannan shi na yi ta nanata wa Auta: in aikin na gaskiya ne, me ya sa kai za ka biya? Wanda ya sauka da bashi a wuyansa ba ya iya buɗe baki ko an riƙe masa albashi wata da watanni, don ya san abin da ya baro a gida. Na san akwai waɗanda suka je suka dawo da rufin asiri, suka yi gini, suka yi aure. Ba tafiyar nake ƙi ba, wannan hanyar nake ƙi.

Da na matsa masa, ka san abin da ya ce mini? Wai, Yaya, to a nan me ake ginawa da zan tsaya in ɗauki bulonsa? Maganar ta zauna mini a ƙirji. Duk wanda ya bi ta Surulere ya ɗaga kai ya dubi babban filin wasa na ƙasa, zai gane abin da yaron yake nufi. Filin da aka buɗe a 1972, aka yi wasannin Afirka a cikinsa a 1973, inda muka doke Aljeriya 3-0 muka ɗauki kofin Afirka a 1980, Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Baffa har ya koma ga Allah yana ba da labarin ranar. Nan kuma Kamaru ta karya mana zuciya da fenariti a 2000. Yau shekaru nawa rabon Super Eagles da shi? Mu ba mu rasa faɗin ƙasa ba, ba mu rasa jama'a ba, mai ma muna da shi. Mun karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009, da wasannin Afirka a Abuja a 2003. Karɓar baƙi mun iya. Riƙe abin da muka gina bayan sun watse ne yake gagarar mu. Ikwatoriyal Gini, 'yar mitsitsiya mai arzikin mai, da Maroko ta janye saboda tsoron Ebola, cikin wata biyu ta shirya ta karɓi kofin Afirka na 2015, saboda filayen da ta yi amfani da su a 2012 suna nan a tsaye.

Ko da yake dai, in ka zo za ka ga canji. Jirgin ƙasa na cikin gari yana tsayawa a nan Agege yanzu, ya kai mutum har Oyingbo, ba sai ya kwana a gosulo ba. Na Marina zuwa Mile 2 ma da aka fara tun zamanin Fashola ya soma ɗaukar fasinja a 2023. Mai shayinmu ya ƙara aure, kuma ba wadda kake zato ba ce, sai ka kira za ka ji. Liman ya dawo daga Umara da sabon gilashi, yanzu daga mumbari yana hango masu gyangyaɗi har sahun ƙarshe, ka ga da kana nan da ka shiga uku. Tumatir a Mile 12 kuwa kada ma ka tambaya, uwargida ta koma busasshe.

Abin da nake roƙonka shi ne ka kira Auta. Ni yana ganin tsoro ne kawai irin na babban wa, amma kai yana jin maganarka, tun yana ƙarami kai yake bi zuwa filin ƙwallo. Kada ka ce masa kada ya je, zai toshe kunne. Ka ce ya karɓo fasfo ɗinsa tukuna, ya ga kwangila a rubuce da sunan kamfani da albashi, ya kawo a karanta masa, kuma kada a taɓa gonar nan. In akwai wani a zangonku da ya yi aiki a Doha ya dawo, ka haɗa su a waya, ya faɗa masa daɗin da wuyar, don na san 'yan Gana da yawa sun je. Ka yi hakan cikin makon nan don Allah, ejan ɗin ya ba shi zuwa ƙarshen wata, kuma Inna ba ta san komai ba tukuna, kada ka yi suɓutar baki in ka gaishe ta.

Goggo ta ce in akwai mai zuwa a aiko mata da goro fari, wanda ka aiko bara ta raba wa 'yan unguwa rabi, yanzu ita ke nema. Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan takwarana, a ce masa ya dage da allo.

Naka,
amininka na Agege